Fomaldihaid ko haidirojin faroksaid: da wanne za a turara kabinet kafin a canza filta?

Assalamu alaikum. Malama, tambayarki tana buƙatar amsa mai ɗan tsawo, ki yi haƙuri da ni. Ga waɗanda ba su gan ta ba: ta ce a ɗakin gwaje-gwajensu suna da kabinet ɗaya, wato akwatin aiki mai fanka da filta da ke kare ma'aikaci daga shaƙar ƙwayoyin cuta, aji na biyu, nau'in A2, a cikinsa suke buɗe kwalaben kakin masu tarin fuka. Ƙararrawarsa ta fara kuka, iska ta yi rauni, an duba an ce filtar HEPA, mai tace ƙwayoyin cuta daga iska, ta toshe sai an canza. Kamfanoni biyu sun kawo farashi. Ɗaya zai turara kabinet ɗin da fomaldihaid, kuɗinsa da sauƙi. Ɗayan zai zo da injin tururin haidirojin faroksaid, kuɗinsa ya ɗara sosai. Sai kuma wani mai gyara ya ce duk wannan ɓata kuɗi ne, a goge ciki da sifirit, a bar fitilar UV ta kwana a kunne, da safe ya zo ya kwance.

Bari in fara da na ukun, domin shawararsa ce za ta iya kwantar da mutum a asibiti, kuma shi ne zai fara shaƙa. Kabinet nau'in A2 yana zuƙo iskar ɗaki ta ragar gaba, ta haɗu da wadda ta sauko kan teburin aiki, fanka ta tura ta sama ta wani rami da ke ɓoye bayan bango. A can take rabuwa biyu: wajen kashi 70 cikin 100 ta bi ta filtar da ke saman teburi ta dawo, wajen kashi 30 ta fita ta filtar waje. Duk abin da ya tashi daga bakin kwalbar kaki tsawon shekarun nan yana can maƙale a fuskar filtocin nan biyu, da fukafukan fanka, da bangon ramin. Tsumman sifirit ba ya kai wa can. Hasken UV ba ya ratsa ƙarfe, ko ƙurar da ta kwanta a kan teburi ma ba ya ratsawa. Mai canza filta kuwa can ɗin zai cusa hannu da fuska. Shi ya sa ƙa'idar NSF/ANSI 49 ta Amurka da EN 12469 ta Turai suka yi tanadin turarawa da iskar gas ko tururi kafin a taɓa waɗannan wurare. Don Allah kada ki bari a kwance ko noti ɗaya na murfin ramin nan kafin a yi haka.

To, ga biyun da suka rage.

Fomaldihaid shi ne tsohon hannu, an daɗe ana aiki da shi, kuma kayansa ba su da wuyar samu. Ana auna girman kabinet, a zuba garin farafomaldihaid wajen giram 0.3 ga kowace ƙafa ɗaya mai kubik, wato kusan giram 11 ga mita ɗaya mai kubik, a kan kaskon lantarki. A sa kasko na biyu da gishirin amoniya a ciki, a fito da wayoyinsu waje, a rufe gaban kabinet da bakin fitar iska da leda mai kauri, a liƙe ko'ina da tef. Idan aka kunna kaskon farko garin zai zama gas. Ana ɗan kunna fankar kabinet na 'yan daƙiƙoƙi, sau da dama yayin da garin ke ƙarewa, don gas ɗin ya shiga cikin filtoci da ramin baya. Sai a bar shi aƙalla awa 6, yawanci ma kwana ake barinsa ya yi. Bayan nan a kunna kasko na biyu, amoniya ta tashi ta haɗu da fomaldihaid su zama farin gari mai suna heksamin, wanda sai an bi an goge shi da hannu. Idan kika haɗa shiri, jira, kashe gas da gogewa, ki ɗauka ɗakin ya tafi na yini da kwana.

Faroksaid kuma inji ne ke yin aikin. Yana ɗaukar ruwan haidirojin faroksaid mai ƙarfin kashi 30 zuwa 35, ya mai da shi tururi, ya tura cikin kabinet ta bututu, ya kuma jawo shi, yana zagayawa. Idan lokaci ya cika, injin ya bi da iskar ta wani sinadari da ke farfasa faroksaid ya koma ruwa da iskar oksijin. Ba farin gari, ba gogewa. Aikin kan ƙare cikin 'yan awanni, mafi tsawonsa ma jiran tururin ya fita ne, domin takardar filta tana shan faroksaid ta riƙa sakinsa a hankali. Wannan shan da filta ke yi shi ne kuma raunin hanyar: tururin ba ya yawo da kansa ya shiga lungu kamar gas, sai an tura shi. Idan ba a haɗa bututun daidai ba, ko fankar kabinet ta mutu, gaban filta zai jiƙu da tururi, bayanta kuwa bai samu komai ba. Haka nan kwali, takarda da auduga da aka manta a ciki suna shanye shi.

Ta fuskar kashe ƙwayoyin cuta, idan an yi kowanne yadda ya kamata, dukansu suna gamawa da ƙwayar tarin fuka, har da ƙwayoyin bakteriya masu ɓawo waɗanda suka fi ta taurin rai. Bambancin yana wajen abin da kowanne yake bukata kafin ya yi aiki, kuma a nan ne yanayin garuruwanmu ya shigo, wanda takardun masu ƙera kabinet ba su cika la'akari da shi ba.

Fomaldihaid ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata a busasshiyar iska. Yana son danshi wajen kashi 70 cikin 100, da zafin da bai gaza digiri 21 ba. A Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi, lokacin hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, kuma da asuba sanyi kan kai ƙasa da digirin da ake so. A irin wannan dare mutum zai iya ƙona garin daidai awo, wari ya cika ko'ina, idanu su yi ja, amma ƙwayoyin da ke cikin filta suna nan da ransu. Ga shi idan ƙarfe ya yi sanyi gas ɗin yakan koma gari ya manne a jiki maimakon ya zagaya. Maganin wannan sananne ne, a sa kwanon ruwan zafi a ciki kafin a liƙe, ko a tafasa ruwa a kasko na uku, amma sai da na'urar auna danshi a cikin kabinet, mai karatun da ake gani ta gilashi. Duk wanda ya zo turarawa a watan Janairu ba tare da wannan na'ura ba, ba ya da hanyar sanin ko aikinsa ya ci. Injin faroksaid irin na kamfanin Steris kuwa busar da iska yake fara yi kafin ya saki tururi, saboda haka hunturu taimakonsa yake yi, damina ce ke ja masa lokaci. Irin na kamfanin Bioquell ba ya bukatar wannan busarwar. Ki tambayi kamfanin wane iri suke da shi.

Wuta ma abin dubawa ce. Kaskon fomaldihaid na bukatar wuta na ɗan lokaci, sauran daren gas ne kawai ke zaune a rufe. Injin faroksaid yana son wuta tsayayya daga farko har ƙarshe, idan ta ɗauke a tsakiya sai a sake daga fari. A tanadi man janareta kafin ranar.

Inda fomaldihaid ya fi ba ni tsoro shi ne lafiyar mutane. Tun 2004 hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa shi a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam kansa, musamman ta can cikin hanci da maƙogwaro. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta iyakance shi a 0.75 ppm (ppm na nufin kashi cikin miliyan na iska) a aikin awa 8, da 2 ppm a minti 15. Abin da ke cikin kabinet lokacin turarawa ya kai dubbai. Ƙaramar kafa a jikin tef ta isa ta cika ɗaki, daga nan ya bi ta ƙarƙashin ƙofa zuwa inda marasa lafiyar huhu ke zaune suna jiran sakamako. Akwai kuma haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba: idan fomaldihaid ya haɗu da asid na haidirokulorik ko kayan kulorin, yana iya haifar da wani sinadari mai jawo kansar huhu. Saboda haka duk robar Jik ko Hypo da ke cikin kabinet sai an fitar da ita, a ɗauraye teburin da ruwa, kafin a liƙe.

Ko wajen kashe gas ɗin akwai abin lura. Littafin kariya na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2004, ya ce a sa amoniyam baikabonet, wato gishirin amoniyar nan, da ya ɗara farafomaldihaid da kashi 10 cikin 100. Amma idan kika yi lissafin haɗuwar, fomaldihaid shida ke bukatar amoniya huɗu, wanda a nauyi ya kai baikabonet wajen ninki ɗaya da kashi uku cikin huɗu na farafomaldihaid, in har duk gas ɗin yana nan a iska. Ke nan awon sikeli kaɗai bai isa hujjar yanke leda ba. Hujja ita ce na'urar auna fomaldihaid ta nuna ya sauka, kuma mai yankewar yana sanye da abin rufe fuska gaba ɗaya mai gwangwanin da aka yi don fomaldihaid. N95 da muke sawa wajen aikin kaki ƙura da ƙwayoyi take tarewa, gas wucewa yake yi.

Faroksaid ma ba ruwan sha ba ne. Iyakarsa 1 ppm ce a awa 8, yana ƙona ido da huhu, ruwansa mai kashi 35 yana cin fata. Kuma ba shi da warin da zai gargaɗe ki da wuri, don haka shi ma sai da na'urar aunawa. Sai dai ba a sa shi cikin masu jawo kansa irin wancan rukuni ba, kuma abin da yake bari a baya ruwa ne da oksijin.

Akwai hanya ta uku da NSF ta amince da ita, gas ɗin kulorin dayoksaid, wanda aka yi amfani da shi a ginin Hart na ofisoshin sanatocin Amurka bayan wasiƙun antiraks na 2001. Yana ratsa filta sosai, yana da sauri, yana son danshi kamar fomaldihaid, haske na lalata shi, iyakarsa kuma 0.1 ppm ce kacal. Tunda babu wanda ya kawo miki farashinsa, na bar shi nan.

Ra'ayina, Malama: abin da zai raba miki gardama shi ne inda kabinet ɗinku yake fitar da iskarsa. A2 da yawa a asibitocinmu ba su da bututun da ya fita waje, cikin ɗaki suke huci. Idan naku haka yake, kuma ɗakin yana jikin wurin karɓar samfur ko ɗakin kwanciya, ni faroksaid zan zaɓa ko da sai an je an roƙi shugabannin asibiti ƙarin kuɗi, domin ragowar fomaldihaid da filta da lunguna za su riƙa saki bayan an gama, ku ne za ku shaƙe ta. Idan kuwa akwai bututun da ya haura rufi nesa da tagogi, kuma ana iya kulle ɗakin daga yammacin Juma'a zuwa Litinin, fomaldihaid hanya ce karɓaɓɓiya, ba zan ce ki ƙi ta don tsufanta ba.

Kowanne kika ɗauka, abu ɗaya ne zai nuna miki an yi aikin ko ba a yi ba, shi ne takardar gwaji mai ɗauke da ƙwayoyin bakteriya masu ɓawo, wajen miliyan ɗaya a kan kowace. Ga fomaldihaid Bacillus atrophaeus ake sawa, ga faroksaid kuma Geobacillus stearothermophilus. A ajiye ɗaya kan teburi, ɗaya ƙarƙashinsa, ɗaya kuma bayan filtar waje, wato wurin da ya fi wuyar kaiwa. Bayan an gama a saka su cikin ruwan shuka ƙwayoyin cuta tare da wata da ba a turara ba, ta fomaldihaid a wajen digiri 35, ta faroksaid a digiri 55 zuwa 60. Wadda ba a turara ba dole ta tsiro, sauran kada su tsiro. Cikakken sakamako kan ɗauki har kwana 7, kuma ga kabinet ɗin tarin fuka na fi son a jira shi kafin a buɗe, musamman idan kuna samun samfuran da ba sa jin magani. Na san mako guda ba kabinet nauyi ne a kan masu jiran sakamako, shi ya sa ya kamata tun yanzu a shirya da wani ɗakin gwaji na kusa da zai karɓi samfuranku. Kamfanin da ya ce shi ba ya amfani da wannan takarda, ko na faroksaid ne mai injin miliyoyi, ki ajiye farashinsa gefe.

Tsohuwar filta, ko an turara, a sa ta cikin leda biyu a ɗaure, a kai ta wurin ƙona sharar asibiti. Kada a bar ta bayan gini inda masu gwangwan za su ɗauka saboda firam ɗinta.

Ki kuma duba ko farashin ya haɗa da gwajin bayan gyara, domin sabuwar filta da aka ɗaura a karkace ta fi tsohuwa mai toshewa haɗari. Sai an auna saurin iskar da ke shiga ta gaba, wanda ga A2 bai kamata ya gaza mita 0.51 a daƙiƙa ba, a auna mai saukowa, a busa hayaƙin gwajin filta da ake kira PAO a bi fuskar filta da gefunanta da na'ura a tabbatar abin da ke zurarewa bai wuce kashi 0.01 cikin 100 ba, a yi gwajin hayaƙi a bakin gilashi, sannan a manna takarda mai kwanan wata da sa hannu. Wannan gwajin ana sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka matsar da kabinet daga wurinsa.

Ki leƙa saman naku ki gaya mana ko akwai bututu, da kuma watan da ake son yin aikin. Idan da hali ki turo abin da kowane kamfani ya rubuta zai yi, ba tare da sunayensu ba, mu duba tare.