Wace shuka za ka saya wa lambun bayan gida a Ingila?

Duk wanda ya samu gida mai ɗan fili a baya a Landan ko wani gari na kudancin Ingila, watan Mayu ne ke yaudararsa. Ya shiga wurin sayar da shuke-shuke, ya tarar da furanni jere sun yi shar, ya kwaso abin da ya burge idonsa, Janairu na zuwa rabi ya mutu. Sanyin wannan yanki ba mai tsanani ba ne, amma akwai dararen da raɓa ke daskarewa, kuma ƙasa takan kwana watanni a jiƙe. Waɗannan biyu su ne ke yanke hukunci.

Saboda haka kafin ka duba fure, juya ɗan katin da ke maƙale a tukunya. Ƙungiyar masu lambu ta RHS tana da ma'aunin jure sanyi daga H1 zuwa H7. Mai H4 yana jure sanyi har digiri 10 ƙasa da sifili, ya isa yawancin lambunan kudu. H5 ya fi shi ƙarfi. H3 sai a lungu mai kariya, jikin bango mai fuskantar kudu. H2 kuwa dole ya kwana a ɗaki lokacin hunturu. In ka ga hoton ɗan kofi a katin, alama ce ƙungiyar ta gwada irin ta yaba.

Sai ƙasa. Yawancin Landan yumɓu ne, mai riƙe ruwa da hunturu, mai tsagewa da zafi. Wardi na son sa. Labanda ba ta so, saiwarta ruɓewa take yi. In ka nace mata, ɗauki ta Ingila mai suna Hidcote, ka bar ta Faransa mai kunnuwa a kai, wadda ta fi kyau a kanti amma ta fi raki, sannan ka dasa ta a tudu ko a tukunya da tsakuwa. Su kamiliya kuma ƙasa mai tsami suke so. A yankin da ke da alli ganyensu rawaya yake komawa, gara a sa su a tukunya da ƙasarsu ta musamman.

Wajen itatuwa ni dai tuffa nake zaɓa a kan komai. Duk wadda za ka saya 'yar aure ce, kamar mangwaronmu, kuma gindin da aka yi auren a kai shi ke nuna girman da za ta yi. Lambobin da ake bambanta gindin da su sun samo asali ne daga cibiyar bincike ta East Malling da ke Kent. M27 ba ta cika wuce mita 1.8 ba, ta dace da tukunya. M9 da M26 su ne na ƙaramin lambu. MM106 takan kai mita 4, sai mai fili. Mutane da yawa sunan tuffar kawai suke dubawa, bayan shekara shida kuma bishiya ta rufe tagar maƙwabci, a shiga 'yar tsama. Haka nan ka lura da lokacin saye: daga Nuwamba zuwa Maris ana sayar da itatuwa da saiwarsu tsirara, babu tukunya, sun fi araha kuma suna kamawa da kyau. Na tukunya ana samu kullum, kuɗin ne ya fi yawa.

Ɓaure irin Brown Turkey yana yi sosai a jikin bango mai rana. Zaitun zai rayu ya yi kwalliya, amma kar ka sa rai da 'ya'yan kirki. Lemun tsami wahala ce, shiga da fita da tukunya duk shekara.

Yanzu ga inda zuciya ke rinjayar hankali, wato kayan miyar gida. Kuɓewa a fili ba ta samun zafin da take so, sai a ɗakin gilashi, can ma abin da za ka tsinka ba zai kaɗa miyar mako ba. Zogale daren farko da raɓa ta daskare ya tafi. Attarugu yana yi in an fara shi a taga tun Fabrairu. Wanda bai taɓa ba mutum kunya ba shi ne alayyafo: mutanen Jamaika sun daɗe suna noma shi a filayen haya na Landan. Ka jira ƙarshen Mayu ka fitar da shi, tare da tumatir, ka yi ta yanka har Satumba. Irin kuma ka saya a Ingila, don shigo da iri ko dashe daga gida yana da ƙa'idojin takardar lafiyar shuka.

Na'ana'a ta shayi ka saya, amma a tukunya kaɗai, in ba haka ba ta mamaye lambun. Hosta kuma, duk kyan ganyenta, in lambunka na da dausayi dodon koɗi zai mayar maka da ita rariya kafin Yuni.