Ƙwai a bakin ƙofa, babu mai tsaro

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, a gaida Hajiya da yara. Ka tambaye ni yadda saye da sayarwa yake a ƙauyen da nake aikin kula da tsofaffi. Sunansa Eyam, amma su "Im" suke cewa. Yana cikin tsaunukan Derbyshire a Ingila, mutanensa ba su kai dubu ba, gidajensu duk na dutse, a da haƙar dalma ce sana'arsu.

Abin da ya fara tsayar da ni ƙwai ne. Manomi zai jera su a bakin ƙofar gonarsa, ya rubuta kuɗin a allo, ya ajiye gwangwani, ya tafi harkarsa. Ka ɗauka, ka zuba kuɗi, ka wuce. Na daɗe tsaye ina waige ranar farko, ina jiran mai kaya ya fito mu gaisa. Ba wanda ya fito.

Wata tsohuwa da nake dubawa ta aike ni in je in ga wani dutse a gefen gari. A 1665 aka kawo wa telan ƙauyen ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma mai ɗauke da annoba a ciki. Limamin cocinsu, William Mompesson, ya shawo kan jama'a suka rufe kansu, ba shiga ba fita, don kada cutar ta kai ga maƙwabta. Wata 14 ana fama, mutum kusan 260 suka rasu. Wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas. Mutanen waje kan ajiye abinci a wannan dutse, 'yan ƙauyen kuma su sa sulalla cikin ramukan da aka huda a jikinsa, a cika da ruwan khal. Na sa yatsana a ramin, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ciniki ne na amana tsakanin mutanen da ba su isa su haɗa hannu ba.

Sauran kuwa, wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, amma kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu yana cin albashi sosai. Ganin likita kyauta ne, sai dai ka ɗauki rana ka jira. Motar haya tana da lokacinta. In ta wuce ka, babu ɗan acaɓa da zai cece ka. Naman halal da attaruhu sai na shiga Sheffield. Da magariba shago ya rufe, ba mai shayi, ba mai tsire, titi tsit.

Ranar Litinin nakan je kasuwar Bakewell, har da ta shanu. Gwanjo ake yi, mutum ɗaya na ta zuba farashi, mai saye ya ɗaga yatsa kawai. Sai na tuna Wudil ranar Juma'a, da dillalai, da "albarka", da "sallama". A nan ban taɓa cewa a rage mini ba, kuma ba a taɓa yi mini gyara ba. Ina kewar wannan fiye da yadda na zata.

In Allah ya sa ka samu mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa da yajin Hajiya.