Horon kiwon lafiyar al'umma na yamma a Maraɗi: ƙarfinsa da rauninsa

Wata makaranta mai zaman kanta a birnin Maraɗi tana ba da horo na yamma kan kiwon lafiyar al'umma, kuma da yawa daga masu halartarsa ma'aikatan gidajen likita ne da wakilan sa kai na unguwanni da ke fatan wata rana su riƙe shugabancin cibiyar lafiya. Na bi horon har ƙarshensa, kuma a ganina yana fitar da ma'aikacin fili nagari, amma bai kai ga fitar da shugaba ba tukuna.

Darasin tamowa shi ne mafi armashi. Malamar, wadda ta daɗe tana aikin ungozoma, ba ta barin ɗalibi ya zauna sai ya auna dantsen hagu na yaro da hannunsa, ya gano tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ya zagaya tsirin awo ba tare da ya matse ko ya saki ba. Idan awo ya faɗa ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne, wato tamowa matsakaiciya. Tana kuma sa a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, domin ramin da ya zauna alama ce ta kumburi ko da awon ya nuna kore.

Haka ma rigakafin zazzaɓin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa a 2012, an koyar da shi dalla-dalla. Ana bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin sau ɗaya a wata a tsawon damina, na ranar farko a gaban ma'aikaci, na kwana biyu masu zuwa a hannun uwa. Malamin ya nanata cewa a waɗannan kwana biyun ne aikin yake lalacewa, saboda maganin yana da ɗaci, uwa kuma tana gona.

Sashen shugabanci ne ya yi rauni. An ambaci tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da Nijar ta kafa a 2006, an kuma faɗi gaskiya cewa jinkirin biyan cibiyoyi kuɗinsu yana sa magani ya yanke, a ƙarshe a miƙa wa uwa takarda ta je ta saya. Sai dai ba a koya mana abin da majo, wato shugaban cibiyar lafiya, zai yi a wannan hali ba: yadda zai tsara kasafi, yadda zai zauna da kwamitin kula da cibiya, ko yadda zai ware wa ƙauyuka masu nisa ranakun fita. Manhajar DHIS2, wadda ake shigar da alƙaluman lafiya a cikinta, a jikin bango kawai muka gan ta, babu wanda ya taɓa kwamfuta.

Akwai kuma batun harshe. Kusan dukkan darussan da Faransanci ake yin su, alhali wadda za a yi wa bayani a Madarunfa ko Gidan Runji da Hausa za ta ji, kuma ba a taɓa sa ɗalibi ya gwada bayanin tazarar haihuwa a gaban maigida mai gardama ba. Lokacin karatun ma, daga la'asar zuwa bayan isha'i, ya rufe ƙofa ga matan karkara, waɗanda su ne suka fi dacewa da wannan ilimi.

Takardar da ake bayarwa shaidar halarta ce, ba difloma ta gwamnati ba, don haka wanda yake neman digiri sai ya nufi tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Ma'aikacin da yake kan aiki kuma yake son gyara hannunsa ba zai yi asarar kuɗinsa ba, amma ya tambaya tun kafin ya biya ko an ƙara darasin kasafi da na kwamfuta.