Sinima ko falo? Amsa ga ɗan'uwan da ya sayi sabuwar talabijin

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi talabijin mai inci 65, mai 4K, kana tambaya ko akwai sauran abin da zai kai ka gidan sinima. Allah ya sanya alheri. Akwai, amma ba tsabtar hoto ba ce, kamar yadda mutane ke zato.

A fannin hoto ma kana iya cin su. Gidajen sinima da yawa har yau majiginsu 2K ne, wato ɗigo 2048 a kwance, 1080 a tsaye, taka kuwa 3840 da 2160 ce, kuma ta fi allonsu haske nesa ba kusa ba. Inda suka fi ka shi ne nauyin fim ɗin kansa. Kwafin da ake kai wa sinima yana iya kai megabit (ma'aunin yawan data) 250 a daƙiƙa, alhali Netflix ya ce 15 ta ishe ka kallon 4K. An matse shi ke nan don ya bi ta intanet. Ka lura da wurin da aka nuna dare ko hayaƙi, za ka ga duhun ya yi dabbare-dabbare kamar bangon da ya sha ruwa. Kuma don Allah ka shiga saitin talabijin ɗin ka kashe abin da ke sulɓantar da motsi. Hoto 24 a daƙiƙa ake ɗaukar fim, ita kuma tana cusa nata a tsakani, sai fuskokin 'yan wasa su koma kamar na roba. In tana da Filmmaker Mode, wato saitin da ke nuna fim yadda aka ɗauke shi, shi za ka kunna.

Sauti ne gida ya kasa. Talabijin ta zama siririya, lasifikarta ƙanana ne, galibi suna kallon ƙasa ko bango. Shi ya sa rimot ba ya barin hannunka: ana hira ka ƙara, bam ya tashi ka rage. Tun 2012 da tsarin sauti na Dolby Atmos ya fito, akwai zaurukan da har a rufi an kafa lasifika, jirgi ya wuce ka ji shi ta saman kanka, rugugin kuma a ƙirji yake sauka. Ko ka sayi kayan sauti masu kyau, jariri na barci, maƙwabci na bayan bango.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, a sinima ba ka da ikon tsayar da fim. Akwai wanda na kalla a gida cikin zama huɗu, waya na hannuna, na ce bai yi ba. Da aka sake haska shi a sinima na je, sai ga ni ina share hawaye a wurin da a gida na tashi na amsa kira. Ga dariyar baƙi ɗari a cikin duhu, wadda ke jan taka ko ba ka shirya ba. Tun Disambar 1895 da 'yan'uwan Lumière, waɗanda ke cikin masu fara harkar sinima, suka tara mutane a Paris suka haska musu fim, wannan zaman taren ake saya.

Gida na da nasa: ka mayar da baya, ka kunna rubutun fassara, babu mai haska maka waya a ido ko shurin kujera. Jira ma ya ragu. A da kusan kwana 90 ake yi kafin fim ya bar sinima ya zo gida, bayan annobar korona a 2020 da yawa suka dawo wajen 45.

Ni dai fim na hira da na iyali a gida nake kallonsu. Na yaƙi, na sararin samaniya da na ban tsoro, sinima nake kai kaina. In za ka je, nemi kujerar tsakiya, wajen kashi biyu cikin uku daga allo zuwa baya, don daga nan ake auna sautin zauren.