Gargaɗi ga masu sayen manyan motocin Kanada a Yamai

Salamu alaikum jama'a. Maganar nan na daɗe ina danne ta, amma jiya na ga mutumin da ya sayar mana da mota ya sake ɗora wata mota a status da rubutun nan nashi, wai "sabuwar shigowa daga Kanada, injinta bai taɓa ganin zafi ba", sai na ce a'a, shirun ya isa haka. Ba zan kama suna ba tunda magana ta kai kwamisariya, salon cutar tashi zan faɗa muku.

Yayana Alhaji da ke Tawa shi ya ce in duba mishi babbar mota tunda ni nake zaune Yamai. Wani dillali ya haɗa ni da mutumin. Mota baƙa wuluk, kujerun fata, har da maɓallin ɗumama kujera, wanda har yau ban san abin da mutumin Adar zai yi da shi ba. A gaba ta ƙasan fitila na ga wata igiyar lantarki tana reto, na tambaya, ya ce ai can da dare ake jona ta don kar inji ya daskare, kuma wannan gaskiya ya faɗa, ita kaɗai ce ma gaskiyar da na samu bakinshi. Ya buɗe kapo, inji an wanke shi tas yana ƙyalli, mai a sandar awo kamar zuma, bokal ɗin ruwa, wato robar da ake zuba ruwan sanyaya inji, sabo fil fari ƙal a motar da ta shekara takwas. Ni kuwa sai murna nake, ashe abin da ya kamata ya tsorata ni ke nan. Na ce mu ɗan fita da ita hanyar Kollo, ya ce "haba ƙanena, takardun duwan ba su kammala ba, so kake jandarma su karɓe ta? Mu zaga unguwa kawai." Munka zaga minti goma. Miliyan 16 na sefa Alhaji ya turo.

Ran da zan kai ta na tashi bayan asuba. Har Dosso lafiya lau, kilim na busawa ina jin kaina wani minista. Da na wuce Dogon Dutsi allurar zafi ta fara ɗagawa, kafin Konni ta kai ja, na sauka gefen titi. Da inji ya huce na buɗe bokal na sa yatsa, wallahi abin da ya biyo yatsana kamar kunun gyaɗa da ya kwana, ruwan ƙasa, mai yauƙi, ga warin mai. Tiyon ruwa na sama ya yi taushi luɓus kamar dafaffen hanji.

Wani dattijon makaniki a Konni, Allah ya saka mishi, shi ya zaunar da ni a benci ya fahimtar da ni. Ni na ɗauka juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinshi, shi ne ya ƙone, ya ce yaro bari mu kwance tukuna. A motocin nan akwai wani ɗan akwatin alminiyom da ke sanyaya man inji, su radiyatar mai suke ce mishi, faranti ne sirara a jere, mai na bi ta gefe ɗaya ruwa ta ɗaya, robobi na tsare tsakani. A inji mai siffar V irin wannan can tsakiyar V ɗin yake, sai an ɗauke kayan sama duka kafin hannu ya kai, shi ya sa kuɗin aiki kan fi na kayan. To a Kanada watan Janairu sanyi kan sauka digiri 20 har 30 ƙasa da sifili, mai ya yi kauri kamar man kaɗe da hunturu, robobi su sandare su tsuke, ana tada inji da safe famfo ya turo man nan da ƙarfi, yau da gobe sai roba ta saki ko mazaunin ya tsage, don wasu na roba ne ba ƙarfe ba. Wanda ya fi muni shi ne motar da ta kwana filin gwanjo duk lokacin ƙanƙara da ruwan da maganin daskarewa ya yi ƙaranci a ciki. In an haɗa rabi da rabi yana jure har wajen digiri 35 ƙasa da sifili, amma ruwan banza a sifili yake daskarewa, ya kumbura kusan kashi 9 cikin 100, ya fasa farantin daga ciki inda ido ba ya gani. Kuma da yake ƙarfin mai ya fi na ruwa in inji na aiki, man ne ke kutsawa cikin ruwa, ya ruɓar da tiyo ya toshe radiyata.

Baban ya nuna mini ƙasan radiyata, wani dusa-dusa mai ƙyalƙyali ya taru, ya ce maganin toshe yoyo ne anka zuba. Wato mutumin ya sani sarai. Ya wanke ruwan, ya canza bokal don tsohon ya rine, ya yi juyen mai, ya zuba garin maganin nan don ta riƙe kwana biyu cikin gari, sannan ya hana ni doguwar tafiya.

Na kira shi. Farko "subhanallahi, Allah ya kyauta", washegari "ai zafin Nijar ne, motar sanyi ce ba ta saba ba", rana ta uku "kai ka gudu da ita, ciniki ya ƙare tun ran da ka karɓi makulli". Daga nan lambata ba ta shiga. Da na bi diddigi na samu mutum biyu da ya yi ma haka, ɗaya wata Hajiya ce, ita nata injin ya kama gaba ɗaya don direbanta bai tsaya ba.

Ba ina cewa duk motar Kanada ta lalace ba, akwai masu kawo na kirki ta Lome kuma suna tsoron Allah. Amma in za ka saya, je da sassafe ba tare da ka sanar ba, inji na sanyi, da makanikinka na kanka ba wanda mai fakin ya nuna maka ba. Sa yatsa ƙasan murfin bokal, matsa tiyo ka ji, in ka ga bokal sabo a tsohuwar mota ka tambayi ina tsohon. A hau rami a duba ƙasa, gishirin da suke watsawa a titi saboda ƙanƙara yana cin shasi. Lambar shasi baƙi 17 ce, ka buga ta a intanet, sau da yawa hotunan gwanjo na fitowa, tamu da na duba daga baya sai ga ta nan tsaye cikin ƙanƙara har rabin taya. Kuma dole a yi kilomita 30 ko 40 da kilim a kunne, a dawo a sake buɗe bokal. Ya ƙi? Ɗauki takalminka.

Motar tana garaji a Tawa yau wata biyu, jaka 900 ta ci kuma ana jiran radiyata. Alhaji bai taɓa ce mini uffan ba, in na gaishe shi sai ya tambayi yara kawai, wannan ya fi mini zagi ciwo. An ba mu ran Alhamis mu koma kwamisariya, duk wanda ya san irin haka ta same shi ya yi mini magana ta ciki ya zo da takardar cinikinshi.