Hattara da masu "samar da aiki" da ke karɓar kuɗi kafin a ga aikin

Assalamu alaikum. Wannan gargaɗi ne ga matasanmu da suka gama makaranta ko bautar ƙasa suna neman abin yi, da kuma iyayensu, domin galibi kuɗin da ake asara daga aljihun uba ko adashin uwa suke fitowa. Akwai masu kiran kansu kamfanin ba da shawara kan ɗaukar ma'aikata, wato masu haɗa mai neman aiki da mai neman ma'aikaci. Sana'a ce ta halas, kuma akwai masu yin ta tsakani da Allah. Sai dai 'yan damfara sun shiga rigarta, suna kama ofis na wata biyu ko uku, su kwashe kuɗin bayin Allah, su rufe, su sake buɗewa a wata unguwa da wani suna.

Na daɗe ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani mai zaman kansa, kuma mukan yi hulɗa da irin waɗannan dillalan. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, mu masu neman ma'aikaci mu ke biyan la'adarsu. Mu ne muka ba su aikin nemo mana mutum, su tace, su kawo mana, mu biya su. Mai neman aiki ba ya biyan ko sisi. Wannan ba ra'ayina ba ne kawai. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1997 kan kamfanonin samar da aiki masu zaman kansu, ta ce kada su caji ma'aikaci kuɗi, kai tsaye ko ta bayan fage, kuma Najeriya ta amince da ita a 2023. Don haka da zarar an ce maka kawo kuɗin fom, ka san an saki hanya tun daga nan.

Yawanci da saƙon waya ake farawa. Zai shigo da yamma ko bayan isha'i, da Turanci, cewa an duba takardunka an ga ka cancanta, ka zo intabiyu gobe da ƙarfe takwas na safe. Ka lura da abin da saƙon bai faɗa ba: babu sunan kamfanin da za ka yi wa aiki, babu sunan muƙamin, kuma kai kanka ba za ka iya tuna ranar da ka nemi aiki a wurinsu ba. Mai neman aiki ya watsa CV a wurare da yawa, sai ya ce wa kansa wataƙila ɗaya daga cikinsu ne. Da wannan suka dogara. Gajeren lokacin ma da gangan ne, don kada ka samu sararin tambayar kowa.

Idan ka je, za ka tarar da ɗaki ɗaya ko biyu a saman bene cikin wata filaza. Babu allon suna a waje, sai wani ƙyalle da aka buga aka rataya da igiya, wanda za a iya naɗewa cikin minti ɗaya. Kujerun roba, fanka, wata budurwa a bakin ƙofa da babban littafi tana rubuta suna da lambar waya. Mutum talatin ko hamsin a zaune, kowa ya sa kayansa masu kyau, riƙe da ambulan. Ganin taron sai hankalinka ya kwanta, ka ce ai ba za a yaudari wannan jama'a duka ba. Sai a ce fom naira dubu uku ko dubu biyar, "kuɗin rajista ne kawai." Ka yi lissafi da kanka: in mutum 200 suka biya dubu biyar-biyar, an tara naira miliyan ɗaya ke nan, kafin a zo kan sauran matakan.

Intabiyun ba ya wuce minti biyar, kuma ba wanda yake faɗuwa. Wannan ita ce alamar da ta fi kowace bayyana a wurina. Duk wanda ya taɓa zama a teburin ɗaukar ma'aikata ya san aikin tacewa ne, a kira mutum goma a ɗauki ɗaya, a tambaye ka abin da ka iya har gumi ya karyo maka. Su kuwa mai digirin lissafi da mai sakandare duk sun "yi nasara," kuma albashin da ake ambata ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 sau uku ko huɗu, ga mutumin da bai taɓa aiki ba.

Daga nan kuɗin ke hawa. Gwajin lafiya, amma dole a wani ɗakin gwaji da su suka zaɓa. Sai kuɗin horo na kwana uku. Sai a ce kamfanin da zai ɗauke ka yana buƙatar satifiket na ƙwarewa, su kuma suna da kwas ɗin, za su yi maka rangwame. Sai kuɗin katin shaida da yunifom. Ba sa neman babban kuɗi lokaci ɗaya. Kowane mataki ɗan ƙari ne a kan na baya, kuma duk lokacin da zuciyarka ta fara ɗar-ɗar sai ka tuna abin da ka riga ka zuba, ka ce bari in ƙarasa kada wancan ya tafi a banza. A ƙarshe a ce ka koma gida za a kira ka. Mako biyu, wata ɗaya, lamba a kashe. Ka koma filazar, mai gadi ya ce ai sun tashi.

Wasunsu ma ba sa tashi, domin sun ɗaure ka da takarda. A ƙasan fom ɗin da ka sa wa hannu cikin gaggawa akwai ƙananan rubutu cewa kuɗin rajista ba a mayarwa, kuma kamfani bai yi alƙawarin samar da aiki ba. Wasu kuma bayan "horon" sai ka gane aikin shi ne ka sayi kayansu na ƙarin lafiya ka yi talla, ko ka kawo mutum biyu su ma su biya, a ba ka kaso. Wato an mai da kai mai jawo 'yan uwanka cikin ramin da ka faɗa.

Ban yarda da masu cewa kwaɗayi ne ke kai yaran nan ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mu tuna ranar 15 ga Maris 2014, lokacin jarrabawar ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice. Guraben ba su kai 5,000 ba, amma sama da mutum dubu 500 suka nema, kowa ya biya naira 1,000 ta hannun wani kamfanin da aka ba kwangilar. Turmutsutsu ya ɓarke a wuraren jarrabawar a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 16 suka rasu. Waɗannan neman halas ne ya fito da su daga gida. Irin wannan ƙuncin ne ɗan damfara yake kasuwanci da shi, shi ya sa abin yake min ciwo.

Akwai kuma masu sayar da gurbin aikin gwamnati, kuma a nan ne ake asarar dukiya mai yawa, har a sayar da fili ko shanu. Wani zai zo ta hannun wanda ka sani, ya ce yana da "oga a sama," an ba su gurabe a kwastan ko kamfanin mai ko babban banki, a kawo rabi yanzu, rabi in takarda ta fito. Takardar kuma takan fito, da tambarin gwamnati da hatimi da sa hannu. Abin da ke sa mutane yarda shi ne sun san cinikin gurbi yana faruwa da gaske. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki badaƙalar sayar da ayyuka a ma'aikatu da hukumomi, har wani tsohon jami'in Hukumar Daidaito a Ɗaukar Ma'aikata ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Amma ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya sha sanar da gano ma'aikata masu takardun kama aiki na jabu, ana cire su daga tsarin biyan albashi na IPPIS. Ka ga ko takardar ta shigar da kai ofis, ranar tantancewa tana nan tafe. Kuma wanda ya saya ba shi da bakin kai ƙara cikin natsuwa, domin shi ma ya ba da cin hanci. Mun san Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Iyaye, don Allah kada ku fara wa ɗanku rayuwar aiki ta wannan ƙofa.

Na ƙasashen waje ya fi haɗari, domin a can ba kuɗi kaɗai ake rasawa ba. Ejan zai ce akwai aikin otal ko asibiti a Saudiyya ko Dubai, ya karɓi fasfo da kuɗi, a ƙarshe bizar Umara ko ta yawon buɗe ido ce a hannunka. Ba a aiki da waɗannan. In kwanakinta suka ƙare ka zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba, ba igama, wato takardar izinin zama, ba wanda za ka kai wa kuka in an hana ka albashi. 'Yan mata da zawarawa su suka fi shan wannan wahala, a ce aikin shago, a je a tarar da aikatau a gidan da ba a barin su fita. Kafin kowa ya tashi, ya ga kwantiragi a rubuce da sunan wanda zai yi wa aiki, ya kuma tabbatar bizar ta aiki ce.

Ko ba a nemi kuɗi ba, a kula da abin da ake cikawa. Fom ɗin intanet da ke yawo a WhatsApp da Facebook da sunan ɗaukar ma'aikata, yana neman BVN da lambar katin ATM, ba aiki yake bayarwa ba. Lambar sirri da banki ke turowa ta waya ba a karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga sashen albashi yake. Shafin hukumar gwamnati galibi da .gov.ng yake ƙarewa. Sannan kada ka taɓa barin takardunka na asali a hannun dillali. Ka nuna, ka ba da kwafi, ka koma gida da abinka. Na ga matashin da aka riƙe wa takardar kammala bautar ƙasa, aka ce sai ya biya kafin a sake ta.

Tantance su ba shi da wuya in mutum ya daure ya yi tambaya. Za su nuna maka satifiket na CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a cikin firem a bango. Wannan rajistar suna ce kawai, kowa na iya yi. Abin da Dokar Ƙwadago ta tanada ga mai wannan sana'a shi ne lasisin ɗaukar ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ma'aikatar tana da ofis a jihohi inda za ka je ka tambaya. Masu lasisin suna da ƙungiyarsu, HuCaPAN. In kuma satifiket na aikin kula da ma'aikata ake tallata maka, cibiyar da doka ta ɗora wa tsara wannan sana'a a Najeriya ita ce CIPM, wadda aka kafa a 1968, hedikwatarta na Legas. Takardar kwas na kwana uku daga saman filaza ba ta da wani nauyi a teburin ɗaukar ma'aikata.

Tambaya mafi sauƙi ita ce: wane kamfani zan yi wa aiki? In sun ce sirri ne sai ka biya, tashi ka tafi. In sun faɗi suna, nemi lambar kamfanin da kanka, ba wadda suka ba ka ba, ka tambaya ko da gaske suna ɗaukar ma'aikata ta hannun wane. Duba kuma asusun da aka ce ka tura kuɗi. Kamfani mai ofis da firem a bango, amma asusun na mutum ɗaya ne, wannan kaɗai ya isa. Wurin da ke ganin darajar mutum zai gaya maka aikin, da albashin, da lokutan aiki, kafin ka amsa, kuma doka ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa.

Masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa da na tsofaffin ɗalibai, akwai hakki a kanku. Tallar da ka tura ba ka bincika ba, yaron da ya gani ya yarda ne saboda daga hannunka ta fito.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa, kada kunya ta rufe masa baki. Shirun da ake yi ne ke ba su damar komawa wata unguwa. Ka fara da bankinka a ranar, ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin in an yi sauri akan iya riƙe asusun kafin a kwashe kuɗin. Ka adana rasit da saƙonni da lambobin waya da hoton tallar, kada ka goge komai. Ka nemi waɗanda kuka zauna tare a ɗakin nan, ƙarar mutum ashirin ta fi ta mutum ɗaya ƙarfi. Sai ku je wurin 'yan sanda ko EFCC, wadda ke da ofisoshi a Kano da Kaduna da Sakkwato da Gombe da Maiduguri. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar mutane da yaudara. In maganar gurbin gwamnati ce da hannun jami'i a ciki, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ce wurin zuwa. In kuma an riga an fitar da 'yar uwa ko ɗan uwa waje, ko an karɓe fasfo ana shirin tafiya, a kira hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, a lamba 627 tun kafin jirgi ya tashi.