Sharhi: Matatar StateVariableTPTFilter ta JUCE ta share mini hawaye

Mako uku na yi ina fama da matatar sauti mai amo (resonance, wato ƙarfafa sautin da ke daidai iyakar mita) a ƙaramar manhajar kiɗa da nake rubutawa da C++, kafin na gwada wannan da ke cikin sashen dsp (sashen sarrafa sauti) na JUCE, tarin kod na C++ da ake gina manhajojin sauti da shi.

Abin da ya kai ni gare ta ba zan manta da shi ba. Wata matatar sauti ce da na saya da kuɗina a wurin wani mai sayar da kod, an gina ta a kan tsohon tsarin Chamberlin. Wani dare na ɗaga amon sosai, ina murɗa iyakar mita zuwa sama a hankali, na'urar saurare tana kunnena. Da na haura wajen 8,000 Hz sai wata ƙara mai tsini ta fashe mini a kai, ma'aunin ƙarfin sauti ya cika da ja, daga nan komai ya yi tsit. Daga baya na fahimci cewa wannan tsari yana rasa daidaito idan mita ta kusanci kashi ɗaya bisa shida na adadin samfurin sauti a daƙiƙa (sample rate). A wurina adadin 48,000 ne, don haka iyakar ta kama 8,000 Hz.

Ta JUCE kuwa na yi mata irin wannan gwaji, har na fi matsa mata. Na tashi daga amon da take farawa da shi, wato 0.707, na kai shi 10, na yi ta kai iyakar sama da ƙasa da sauri, amma sautin ya ci gaba da fita sumul, ba ɓaraka, ba ƙas-ƙas ɗin da na saba ji idan aka sauya lissafin matata ana cikin kiɗa. Dalilin shi ne tana daidaita mitar da lissafin tan (tangent) tun farko, don haka tana riƙe kanta har kusa da rabin adadin samfur. Na haɗa ta da SmoothedValue, wani kayan aikin JUCE mai sauya ƙima sannu a hankali, domin murɗin ya yi laushi.

Sai dai duk lokacin da na ji yadda take aiki, haushin wancan mai sayarwa yake dawo mini, domin ko layi ɗaya bai rubuta game da wannan iyaka ba, kuma wasiƙu biyu da na aika masa har yau bai amsa ba. Kunnena na hagu kwana biyu ya yi yana ƙugi.